Bashin sola: ku dawo da baƙon nan ya faɗa mana sharuɗɗan

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ka ba ni fili in amayar da abin da ke cina tun daren da kuka saka shirin nan na bashin sola na gwamnati a rediyonku. Na saurare shi daga farko har ƙarshe, kuma wallahi raina ya ɓaci. Baƙon da kuka gayyata ya yi ta nanata cewa ƙofa a buɗe take ga kowa, wai ma talaka da mai ƙaramar sana'a aka fi nufi, wanda duk bai samu ba to bai nema ba ne. Shi kuma mai gabatarwa ba abin da yake cewa sai haka ne, ranka ya daɗe. Ko sau ɗaya bai ce masa ya lissafa sharuɗɗan ba. To ni na nema, don haka maganar nan ta wanda bai samu ba bai nema ba ta yi mini ciwo ƙwarai.

Ni matar aure ce, sana'ata ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, a cikin gida nake yi. Firiza biyu gare ni. Ɗaya da kwasar adashi na saya, ɗayar kuma yayata ce ta bar mini da ta daina sana'ar. Masu shaguna a unguwa da yara masu kai wa tasha su suke sara a wurina. Da wannan nake ɗauke rabin nauyin gida, don maigidan direban haya ne, yau a samu gobe a rasa. Wutar layinmu kuwa sai ta ga dama take zuwa, in ta zo ma tsakar dare ne, kafin asuba an ɗauke. Duk mai wannan sana'a ya san ƙanƙara ba ta kama jikinta sai firiza ta daɗe tana aiki babu yankewa. In aka ɗauke a tsakiya, ruwan sanyi kawai za ka wayi gari da shi, kuma ba wanda zai saye shi a kuɗin ƙanƙara. Dole na koma janareta.

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidan mai. Zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000. Janaretana yakan sha kamar lita huɗu a rana in ina so firizojin su yi abin kirki. Ka lissafa da kanka, Malam Edita. A lokacin da man ya kai can, naira 4,000 ke nan kullum, wajen naira 120,000 a wata, ban sa baƙin mai ba, ban sa kuɗin mai gyara ba, ban sa hayaƙin da ke shiga ɗakin yara ba, balle ƙarar da ta sa har kunyar maƙwabta nake ji. Riba ta zama ta gidan mai, ni wahalar ce tawa.

A watan Oktoban 2024 ɗin nan ne kuma aka jefa Arewa cikin duhu sama da mako guda, bayan an lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ke tasowa daga Ugwuaji ta Apir shi ma ya samu matsala. A tsakiyar duhun nan janaretan ya tsaya, kowa na neman mai gyara, ba a samunsa. Na riga na jiƙa aya, an markaɗo, na tace, na ƙulla a leda na cika firiza. Kunun aya ba ya jira. Da na ɗaga murfin washegari da yamma, ledojin duk sun kumbura, wasu sun fashe, tsami ya bugi hancina. Da hannuna na riƙa kwasa ina tsiyayewa a kwata, babbar 'yata tana riƙe mini bokiti tana kuka, don ta san kuɗin makarantarta ne ke bin rariya. Jarin da na zubar ranar sai da na ci bashin ƙanwar maigidan na mayar.

Bayan wannan ne na kira wani yaro mai haɗa sola a unguwarmu. Ya zo ya duba firizojin, ya ce farantai da batura da inbata da za su ɗauke su sai sun haura naira miliyan 2. Na ce ina zan ga wannan kuɗi a dunƙule? Ya ɗauki biro ya yi lissafi a bayan kwali, ya nuna mini cewa abin da nake ƙonawa a fetur zai biya kayan nan cikin shekara biyu ko ƙasa da haka, daga nan rana ce za ta ci gaba da yi mini aiki kyauta. Ka ga ke nan ni ba sadaka nake nema ba. Kuɗin biyan yana hannuna, kullum ina miƙa shi a gidan mai. Abin da na rasa shi ne wanda zai ba ni kayan yau in riƙa biyansa kaɗan-kaɗan.

Sai na ɗauki mayafina na tafi banki, ɗaya daga cikin waɗanda aka ce ta hannunsu ake bi. Ma'aikacin da na samu yaro ne mai ladabi, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya ce, Hajiya, a ina kike aiki? Na ce a gida. Ya ce albashinki ta wane asusu yake shiga? Na ce ba ni da albashi, sana'a nake yi. Ya ce to sana'ar tana da rajista? Akwai takardar shige da ficen kuɗi ta watanni? Akwai ma'aikacin gwamnati mai babban mataki da zai tsaya miki? Akwai takardar fili ko ta gida? Ina da BVN, ina da NIN, duk na nuna masa. Na ciro littafin adashinmu daga jaka na buɗe masa, ga sunana, ga zubina na kowane mako shekara da shekaru, babu inda aka yi mini jan biro. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce shi ya yarda da ni amma kwamfuta ba ta karɓar wannan. Cinikina na naira ɗari biyu ne da ɗari biyar, hannu da hannu. Wa zai tura kuɗin zoɓon leda ɗaya ta banki? Daga ƙarshe ya rubuta mini adireshin intanet ya ce in cike a can. Ɗana ya buɗe mini a wayarsa, Turanci ne zalla, kuma shafi na biyu tambayar wurin aiki ce da yawan albashi.

Maƙwabcinmu ma'aikacin gwamnati ne, shi ya samu. An kafa masa farantai a kan rufi, ana cira a albashinsa duk wata. Allah ya sanya alheri, ba na yi masa hassada, mutumin kirki ne, har cajin waya muke kaiwa gidansa. Amma fanka da talabijin solarsa take juyawa. Tawa da na samu, abinci za ta juya wa gida mai mutum takwas, da yara uku masu sara a wurina da su ma iyayensu ke jira. Ai ba ɓoyayyen abu ba ne, da aka ƙaddamar da tsarin bashin CREDICORP, wato hukumar Gwamnatin Tarayya mai tallafa wa jama'a su sayi kaya bashi, a watan Afrilun 2024, da ma'aikatan gwamnati aka ce za a fara. To a fito a faɗi haka a rediyo mana. A ce an fara da masu albashi, saura ku jira. Da na ji haka da ban ɓata kuɗin mota ba, da ban zauna a gaban yaro sa'an ƙanena ina jin kamar na zo bara ba.

Kuma ko da na tsallake duk waɗannan, akwai maganar ruwa. Na tambaye shi, ya faɗa mini abin da za a ɗora, kuma ruwa ne ƙarara. Malam Edita, ka san mutanenmu. Mata nawa ne a unguwar nan za su yarda su ci bashi da ruwa don su kunna firiza? Ni dai ba zan iya ba, maigidana ma ba zai bari ba. Baƙonku bai ko taɓo wannan ba, alhali a Kano yake magana. Kuma hanyar tana nan, ba sabuwa ba ce. Bankin Jaiz tun 2012 yake aiki ba da ruwa ba, wasu ma sun biyo bayansa. Gwamnatin Tarayya da kanta ta fitar da sukuk, wato takardun tara kuɗi ba da ruwa ba, na naira biliyan 100 a 2017 aka yi tituna da shi. A 2020 Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin da za a bi a ba da rancen tallafinsa ba tare da ruwa ba. In an iya shimfiɗa kwalta da kuɗin da babu ruwa a ciki, me zai hana banki ya sayi kayan sola ya sayar mini da su a kan ribar da muka yi ciniki tun farko, in riƙa zubi duk mako? Malamai sun san sunan wannan ciniki, murabaha, kuma halal ne. Kayan ma ai su ne jingina. Suna kan rufina, ba gudu za su yi ba, in na kasa biya a zo a kwance.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da sunanmu ake karɓo kuɗin nan. A 2020 aka sanar da shirin Solar Power Naija, aka ce gidaje da wuraren sana'a miliyan 5 za su samu, Babban Banki zai ba da naira biliyan 140. Nan kusa da mu ma aka ƙaddamar da shi, a Jangefe ta ƙaramar hukumar Roni a Jigawa, a watan Afrilun 2021, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo ya zo da kansa. A Disamban 2023 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don wani sabon shiri da aka ce zai kai wuta ga 'yan Najeriya miliyan 17.5, ya kuma maye gurbin dubban janaretoci irin nawa. Wannan kuɗi bashi ne a wuyan ƙasa. Ni da 'ya'yana muna cikin masu biyansa. Na fahimci cewa ta hannun kamfanoni ake bi da irin waɗannan kuɗaɗe, su kuma su kai wa jama'a, kuma na ji wasu ƙauyuka sun samu haske, na yi musu murna. Amma mu masu ƙananan sana'o'i a cikin gari, da muke da waya a jikin bango babu wuta a cikinta, an daɗe ana ce mana gafara sa, ba mu ga ƙaho ba.

Kada wani ya ce mini ai akwai masu yawo gida-gida da solar biya-kaɗan-kaɗan. Na san su, sun shigo gidana. Nasu ƙwai uku ne ko huɗu da fanka da ƙaramin talabijin, ba zai tayar da firiza ba, kuma in ka tara abin da za ka biya har ƙarshe sai ka riƙe baki. Sai dai sun nuna abu ɗaya: suna ba wanda ba shi da albashi kaya, yana kuma biya, in ya yi jinkiri su kashe na'urar daga ofishinsu har sai ya biya. In ɗan kasuwa mai neman riba ya yarda da mu, me ya sa kuɗin gwamnati ne ba zai yarda da mu ba? Muna da ƙungiyoyi, teloli suna da tasu, masu walda da masu markaɗe da masu aski duk suna da shugabanni da suka san kowa da halinsa. Uwar adashinmu ta fi kowace kwamfuta sanin wadda ke biya da wadda ke ɓuya ranar zubi. A zauna da su mana, su tsaya wa mutanensu.

Tun da na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa bayan sallar isha ya wuce gona da iri. Muna zaune da yara ana cin tuwo, sai mutum ya ɓarke da kalaman da ko a ɗakin aure ba a faɗa da ƙarfi. Rannan a tsakiyar shirin solar nan kuka saka shi, sai da na miƙe na rage murya, na rasa wani ɓangare na bayanin. Ku tace abin da za su faɗa, ko ku mayar da shi can dare bayan yara sun kwanta.

Roƙona shi ne ku sake gayyato baƙon nan. Wannan karon ku zaunar da tela ɗaya da mai walda ɗaya da mace mai ƙanƙara a gefensa, ku buɗe layin waya da gaske, ba kira biyu a ƙarshen shiri ba. Ya karanto sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya da Hausa. Ya faɗi sunan banki ko ofishin da wanda ba shi da albashi zai je, da takardar da zai riƙe. Ya faɗi ko akwai tsarin da babu ruwa, da inda ake samunsa. Ya faɗi mutum nawa marasa albashi suka karɓa a Jihar Kano. In amsar ita ce babu tukuna, ya faɗa da bakinsa mu ji. Azumi na tafe kuma lokacin ne kasuwarmu, ina so in san ko zan jira ko in sake kai janaretan wurin mai gyara.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku a kullum,
daga Kurna, Kano.