Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Aka Kwana kan Ɗakin Gwaji na Haɗaka

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, malamai da masu kula da ɗakunan gwaji.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamitin zartarwa nauyin binciko yadda jami'o'inmu za su amfana da tsarin da ake kira bayofaundiri. Ga abin da Allah ya ba mu ikon yi.

Mun fara da karatu, domin da yawa cikinmu sunan kawai muke ji. Bayofaundiri ɗakin gwaji ne guda da masu bincike da yawa ke tarayya a kansa. Na'urori masu sarrafa kansu ne ke auna ruwa, su harhaɗa guntayen DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado na halitta), su raini ƙwayoyin halitta. Mai bincike ya tsara abin da yake so a kwamfuta, a gina, a gwada, a duba sakamako, a koma a gyara tsarin. A watan Mayun 2019 cibiyoyi 16 suka haɗu a birnin Kobe na Japan suka kafa ƙawancen irin waɗannan ɗakuna na duniya. A 2024 hukumar NSF mai tallafa wa binciken kimiyya a Amurka ta ware dala miliyan 75 don kafa guda biyar. A zaman da muka yi ta intanet, abin da ya fi taɓa mu shi ne cibiyar Imperial College ta Landan, wadda a 2020 ta karkatar da na'urorinta zuwa gwajin korona.

Duk wanda ya taɓa cika faranti mai rami 96 da fifet, wato abin zuƙo ruwa da ɗiga shi da hannu, ya san dalilin damuwarmu. Babban yatsa ya yi tsami, wuya ya sage, kana layi na shida sai a ƙwanƙwasa ƙofa, ka waiwayo ka rasa ramin da ka tsaya. Sinadarin da aka yi wata da watanni ana jira ya tafi a banza. Alhali akwai na'urar da ke harba ɗan ƙanƙanin ɗigon ruwa na nanolita 2.5 ta hanyar amfani da sauti, ba ta gajiya, ba ta mantuwa. Ɗalibanmu sun cancanci su kashe lokacinsu a kan tunani.

Aikin da ya fi cin ranmu shi ne ƙidayar kayan aiki. Mun shiga sashe bayan sashe, kuma abin da muka gani ya sosa mana zuciya: injin PCR mai kwafin DNA lulluɓe da leda, ƙura ta hau, makullin ɗakin yana aljihun mutum ɗaya, ga kuma sashen da ke makwabtaka yana tura samfuri wani gari. A wani ɗakin da ba za mu ambata ba, wuta ta ɗauke a ƙarshen mako, janareta bai tashi ba, firizar da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ta narke da samfuran wata ɗalibar digirin digirgir. Tun daga nan kwamiti ya tsaya a kan cewa sola da batir da mai gyara su ne gaba da sayen kowane mutum-mutumi. A gani na, sakin makulli ma ya fi neman kuɗi wuya.

Mun kuma yi bita kan rubuta matakan gwaji dalla-dalla da harshen kwamfuta na Python, wanda ƙananan na'urori irin OT-2 na kamfanin Opentrons ke amfani da shi. Matasan ma'aikata sun ba mu mamaki. Cibiyar binciken ƙwayoyin gadon cututtuka ta ACEGID da ke Ede a jihar Osun, wadda ta fara karanta jerin ƙwayoyin gadon cutar korona a Afirka a watan Maris na 2020, ta ishe mu shaida cewa ana iya wannan aiki a gida.

Takardar neman tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ba ta kammala ba, laifin kuma namu ne na kwamiti. Lissafin kuɗi yana cikin takardar ma'aji.

Saura sassan da ba su aiko da jerin kayansu ba. Don Allah a rubuto har da waɗanda suka lalace, da sunan mai riƙe da makulli, kafin zama na gaba.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya