Gajiyar masu ciwon MS ba son jiki ba ce

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan ciwon MS (multiple sclerosis a Turance), wanda garkuwar jiki ke juyowa tana cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙo ya riƙa tafiyar hawainiya ko ma ya katse. Wajen mutum miliyan 2.8 ke da shi a duniya a ƙididdigar 2020, kuma mata sun fi yawa.

Abin da ya fi damun yawancinsu gajiya ce wadda barci ba ya kore ta, ga zafi yana ƙara ta, to ka duba ranar Afrilu a Jigawa. Masu bincike da na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, sun ga yadda sassan ƙwaƙwalwa ke sadarwa da juna ya bambanta a masu wannan gajiyar, kuma suna bibiyar yadda hanyoyin ke canzawa in an yi magani, kamar motsa jiki daidai ƙarfi da zama da likitan halayya, ko ƙwayoyi irin su amantadine duk da ba kowa suke yi wa aiki ba.

Amma mu nan in mace ta kasa daka ko ɗebo ruwa sai a ce son jiki ne, ko iska ce a nufi gidan mai magani, wallahi abin yana min ciwo. Likitan jijiya sai an je birni, kuɗin hoton kuma ya fi ƙarfin manomi. Ina roƙon ma'aikatar lafiya ta horar da ma'aikatan asibitocin ƙauye su riƙa gane alamomin suna tura mutane da wuri.

Naku,
mai karatu daga Ringim