Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga David Humphreys kan 'yan wasan Connacht da ba a cika jin sunansu ba

Zuwa ga Daraktan kula da ƙwazon 'yan wasa na Hukumar Zari-ruga ta Ireland, IRFU.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ranar 28 ga Mayun 2016 Connacht, ɗaya daga ƙungiyoyin larduna huɗu na Ireland, ta doke takwararta Leinster da ci 20 da 10 a filin Murrayfield na Edinburgh, ta ɗauki kofin Pro12, gasar ƙungiyoyin Ireland, Wales, Scotland da Italiya a lokacin. Mutum uku ne suka kai ƙwallo bayan layi ran nan: Tiernan O'Halloran, Niyi Adeolokun da Matt Healy. Biyu daga cikinsu ba ta akademin lardi suka zama ƙwararru ba. Healy daga kulob ɗin Lansdowne aka ɗauko shi a 2012. Adeolokun, haifaffen Ibadan da ya tashi a Dublin, yana bugawa Jami'ar Trinity ne lokacin da Connacht ta gan shi. Lamba 10 na wannan rana, AJ MacGinty, sai da ya bi ta Amurka kafin ya dawo gida ya yi kaka ɗaya. Kyaftin John Muldoon ya buga wa Connacht wasa 327, amma rigar ƙasa sau 3 kawai ya sa ta. Michael Swift kuwa ya yi ritaya a 2015 da wasa 269 ba tare da ya buga wa babbar tawagar ƙasa wasa ba. Irin waɗannan mutane ne ke riƙe da lardi, kuma hanyar da suka bi tana ƙara tsukewa.

Mu fara da lissafin wasa. Lardi yana riƙe da manyan 'yan wasa wajen 40, ban da yaran akademi, alhali 23 ne ake rubutawa ranar wasa, 15 a fili, 8 a benci. A zamanin Pro12 kowace ƙungiya tana buga wasa 22 kafin zagayen ƙarshe, wasu daga ciki a makonnin gasar ƙasashe shida ta Six Nations da na wasannin ƙasa na watan Nuwamba, lokacin da taurari ke sansanin ƙasa. A waɗannan makonni ne mai jiran gado yake samun minti 80 sau biyu ko uku a jere. Tun da gasar ta koma URC (United Rugby Championship) a 2021 wasannin sun zama 18, an kuma rage masu cin karo da na ƙasa. Gasar British and Irish Cup, inda ƙungiyoyin A, wato ƙungiyoyi na biyu na larduna, ke karawa da kulob-kulob na Ingila, ta mutu a 2018. Celtic Cup da ta gaje ta kaka biyu ta yi. A 2025 kuma hukumarku ta rufe shirin zari-rugar 'yan bakwai na maza. Ga wanda yake na uku a gurbinsa, sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, wato sai na gabansa ya ji rauni.

Illar ta fi tsanani a sahun gaba. Lamba 1, 2 da 3 ba sa koyon turereniya, wato ture-turen kafaɗa da kafaɗa da sahun gaban abokan karawa, a ɗakin ɗaga ƙarfe, ko a jikin injin atisaye da ba ya karkata kafaɗa ko ya yi wayo. Suna koyonta ne a gaban ƙato mai shekara 32 da zai lanƙwasa su sau biyar kafin su gane inda ƙafarsu ta kauce. Ɗan sahun gaba yakan nuna ne bayan ya haura 25, amma akademi shekara uku ce, kuma yawanci ana yanke hukunci a kansa yana 21 ko 22. Idan a kaka guda abin da ya samu bai wuce mintuna goma-goma daga benci ba, da me koci zai auna shi? Tadhg Beirne ba ɗan sahun gaba ba ne, amma labarinsa ya isa hujja: Leinster ta sallame shi a 2016, ya tafi Scarlets ta Wales ya riƙa buga wasa kowane mako, ya ci Pro12 a 2017, ya dawo Ireland ya shiga Munster a 2018, daga baya ya sa rigar Lions, tawagar haɗin gwiwar Birtaniya da Ireland.

Abin da muke roƙo shi ne jadawalin ƙungiyoyin A mai tabbas, wanda za a fitar tun farkon kaka, gida da waje tsakanin larduna huɗu, a sanya shi a makonnin da URC ke hutu. Sannan a kafa ƙa'ida cewa duk wanda bai shiga cikin 23 ba zuwa ranar Alhamis, kuma lafiyarsa ƙalau, a sake shi ya bugawa kulob ɗinsa a All-Ireland League, gasar kulob-kulob ta Ireland, ranar Asabar. Ajiye mutum uku ko huɗu a gefen fili ko da wani zai gurɗe a ɗumama jiki abu ne da ake fahimta. Ajiye goma ɓarna ce. A yamma, yankin Connacht, akwai wata matsalar: kulob-kulob ɗin Galwegians, Corinthians, Buccaneers da Sligo ba su cika zama a 1A, rukuni mafi girma na gasar, ba, don haka yaron Connacht ko ya buga a matakin da bai kai ƙarfinsa ba, ko ya riƙa zirga-zirga zuwa Dublin ko Limerick. Kuɗin da larduna ke zubawa yanzu a albashin masu kwantiragin ƙasa, wanda kuka ce zai koma ga renon matasa, ya kamata wani kaso nasa ya sauka a waɗannan kulob-kulob, wajen koci da likitan gashin ƙashi.

Sai maganar kwantiragi. Na ɗan wasa irin wannan shekara ɗaya ne ko biyu, yana ƙarewa da kaka. Idan aka bari sai Afrilu ko Mayu kafin a gaya masa ba za a sabunta ba, kulob-kulob na Pro D2, rukuni na biyu a Faransa, da na Ingila sun riga sun cike guraben su. A sa ƙarshen Janairu ya zama wa'adi: a faɗa wa kowa matsayinsa a rubuce. Wanda jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Fabrairu yana buƙatar wata tara kafin ya dawo, kwantiraginsa kuwa saura wata huɗu. Ya dace lardi ya ci gaba da jinyarsa da albashinsa har likita ya sallame shi. Haka batun buguwar kai: tun 2022 hukumar zari-ruga ta duniya, World Rugby, ta sa yawancin waɗanda aka tabbatar sun bugu su huta aƙalla kwana 12, amma wanda kwantiraginsa ke lilo yana da dalilin ɓoye ciwon kai da jiri. Tabbacin albashi ne zai sa ya faɗi gaskiya.

Rangwamen harajin da ministan kuɗin Ireland na lokacin, Charlie McCreevy, ya kawo a 2002, wanda ke cire kashi 40 cikin ɗari daga kuɗin wasa na shekara goma idan an yi ritaya, yana amfanar mai babban albashi da doguwar sana'a. Wanda aka sallama yana 24 abin da zai karɓa kaɗan ne. Ƙungiyar 'yan wasa, Rugby Players Ireland, tana da jami'ai a kowane lardi masu taimaka wa 'yan wasa da karatu da neman aiki, sai dai jadawalin atisaye ne ke cinye lokacin. Kai da ka haɗa karatun lauya da wasa, har ka jagoranci Ulster ta ci kofin Turai a 1999, kana da ikon sa larduna su ware yini ɗaya a mako don karatu ko koyon sana'a, a rubuta shi cikin kwantiragin akademi da na masu tasowa tun kaka mai zuwa.

Wassalam,
Masu bibiyar zari-rugar larduna