Godiya ga Kamfanin da Ya Wanke Shafina a Idon Google

Assalamu alaikum. Zuwa ga shugaba da ma'aikatan kamfanin da ya gyara min shafina na intanet. Abin da kuka yi min ya wuce a ce "na gode" a waya a kashe, shi ya sa na kawo godiyata bainar jama'a.

Shekara uku ina rubuta darussan lissafi a shafin nan, masu karatu na ƙaruwa sannu a hankali. Sai wani ya turo min saƙo cewa cikin mako biyu zai ɗora ni a sahun farko na sakamakon bincike. Na ba shi mabuɗin shafin, na biya shi. Da farko baƙi sun ƙaru, har ina yabonsa. Bayan wata biyu shafin ya ɓace ɓat. Darussan da ɗalibai suka saba samu da zarar sun rubuta tambaya, ko an yi ta gangarawa ba a ganinsu. Na kira shi, ya ce haka Google yake, yau sama gobe ƙasa. Daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Dare nawa na yi ban runtsa ba, Allah kaɗai ya sani.

Da na zo wurinku a ɗarare nake, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Malamar da kuka haɗa ni da ita ba ta yi min alƙawarin komai ba. Cewa ta yi, "Malam, babu mai iya lamunce maka matsayi na ɗaya, Google da kansa ya faɗi haka. Bari mu ga ciwon tukuna." Ta buɗe Search Console, dandalin da Google ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa ke ciki, ga sanarwa nan zaune tun tuni: ma'aikacin Google ya ɗora wa shafin hukunci saboda mahaɗai na bogi, wato adireshin shafina da aka liƙa a wasu shafuka don Google ya zaci ya shahara. Ashe mutumin nan saye ya yi, daga shafukan caca da na tallan magunguna, duk suna nuno darussan yara.

Sannan ta buɗe darasi guda, ta ja linzamin kwamfuta a kan farin filin da ke ƙasansa. Sai ga rubutu ya bayyana, fari a kan fari, "darasin lissafi, darasin lissafi", layi bayan layi, an ɓoye shi don a yaudari Google. Gabana ya faɗi. Ba ta nuna min gazawata ba ko kaɗan. Ta dai bayyana min cewa tun 2012, da Google ya fito da tsarin Penguin mai gano mahaɗan bogi, sayen mahaɗai ya koma rami ga mai shafi.

Ita ta tace mahaɗan ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta wa masu shafukan su cire, waɗanda suka yi shiru ta miƙa wa Google sunayensu cewa mun barranta da su. Roƙonmu na farko na sake duba shafin bai karɓu ba. Ita ta kira ni ta faɗa min da bakinta, kafin in tambaya, ta koma ta sake tacewa. A karo na biyu aka janye hukuncin. Sauran gyare-gyare, na kanun darussa da saurin buɗewa a waya, duk an yi su.

Abin da ke ƙona min rai, har gobe irin saƙonnin nan na shigo min: mahaɗi dubu cikin dare ɗaya, sahun farko ko a mayar da kuɗi. Babu mai tambayar me ke cikin shafinka, ko wa ke karanta shi. Su karɓe kuɗi, su cusa shara, hukunci ya sauka a kan mai shafi shi kaɗai. Mutum nawa ne suka rufe shafukansu a kan haka, suna zaton rubutunsu ne ba shi da kyau?

Ranka ya daɗe, don Allah a isar wa Malama gaisuwata. Jiya wata ɗaliba ta rubuto cewa ta sake samun darasin da ta daɗe tana nema. Allah ya saka muku da alheri.