Wasiƙa daga Jos kan makin IQ na yaronmu

Jos, Jihar Filato

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman nesa da gida? Mu nan sanyin hunturu ya kankama, sai godiya.

Saƙonka ya iso, har da hoton takardar sakamakon gwajin basira (IQ) na yaronmu mai nuna 132. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Ga abin da lambar ke nufi. Gwaje-gwajen Wechsler, irin WISC-V da ake yi wa yara daga shekara 6 zuwa 16, an tsara su ne tsakiya ta tsaya a 100. Kusan kashi 68 cikin ɗari na mutane suna tsakanin 85 da 115, kusan kashi 95 kuma tsakanin 70 da 130. Ke nan 132 na nufin in aka tara sa'o'insa ɗari, ya wuce kimanin 98 a irin tambayoyin da aka yi masa. Kwatanci ne da tsararsa kawai, ba a auna wani abu a cikin kwanyarsa ba. Kuma lambar tana da rawa: rahoto mai kyau yakan ba da tazara, maki biyar sama ko ƙasa, kamar 127 zuwa 137. Rashin barci, yunwa, zazzaɓi ko tsoron baƙon mai gwaji duk suna rage maki.

Shafin da ka turo na farko ne kawai. Na biyun ya fi amfani, inda aka raba makin kashi biyar: fahimtar magana, hangen siffofi (jera 'yan katako ja da fari su yi daidai da hoto), gano tsari a abin da bai taɓa gani ba, riƙe abu a ka na ɗan lokaci (a karanta masa lambobi ya maimaita su daga baya zuwa gaba), da saurin aiki da fensir cikin minti biyu. Idan tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta akwai tazara kamar maki 23 ko fiye, jimillar ba ta faɗin gaskiyar yaron sosai. Yaro mai 140 a magana da 100 a sauri shi ne wanda ya san amsa amma ba ya gama kwafar allo, malami ya ce malalaci ne.

Ka kuma tambayi mai gwajin da wane ma'auni ya yi lissafi. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje da yaran Amurka ko Ingila aka daidaita su, da Turanci, kuma mudun wata kasuwa ba na wata ba ne. Yaron da Hausa ce harshen gidansa yakan yi asarar maki a ɓangaren kalmomi ba don ƙarancin basira ba. Shi ya sa ake haɗawa da gwajin Raven, wanda zane ne zalla. Tsohon bugun gwaji kuma yana kumbura maki, domin wani masani mai suna James Flynn ya nuna cewa a ƙarni na 20 matsakaicin maki ya riƙa hawa kimanin uku duk shekara goma. Gwaje-gwajen intanet kuwa, masu neman ka biya kafin ka ga sakamako, kada ka ɓata kuɗinka. Kada kuma a maimaita masa gwajin kafin shekara ta zagayo, zai tuna tambayoyin.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron da komai ke zo masa da sauƙi har ya gama firamare bai koyi yadda ake karatu ba. Ran da ya ci karo da lissafin da ya gagare shi a babbar sakandare, sai ya ɗauka basirar ce ta ƙare, ya daina gwadawa don kada a ga gazawarsa. Maganinsa a ba shi abu mai wuya tun yanzu, minti 30 zuwa 40 a rana, abin da zai faɗi ya sake: lissafin aji na gaba, dara, Larabci, ko gyaran rediyo. In za ka yaba, yabi hanyar da ya bi da daɗewar da ya yi a kan aikin. Babban maki kaɗai ba ya tabbatar da nasara: wani masanin halayyar ɗan adam, Lewis Terman, ya fara bin rayuwar yara kimanin 1,500 masu manyan maki a Kalifoniya tun 1921. Da yawa sun zama likitoci da lauyoyi, wasu kuma rayuwarsu ba ta bambanta da ta kowa ba.

Batun tsallake aji, ni ban goyi bayan gaggawa ba. A fara da darasi ɗaya, ya riƙa shiga aji na gaba lokacin lissafi na zango guda, a ga yadda zai zauna da manya. Ka tuna shekara 16 ce ƙa'idar shiga jami'a a nan, tsallake biyu na iya barin shi zaune a gida yana jira. In kun dawo, akwai makarantar gwamnatin tarayya ta yara masu hazaƙa a Suleja, kusa da Abuja, ana shiga ta hanyar jarrabawa.

Lambar kuma ku bar ta tsakaninka da mamansa. Ba don kambun baka kaɗai ba. Ƙannensa za su ji, su fara auna kansu da ita. Ya yi shara da aike kamar kowa, ya buga ƙwallo da sa'o'insa, ya samu barcin awa 9 zuwa 12.

Turo min shafi na biyun in duba. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka amini.