Barka da Sallah daga Istanbul

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Inna da duk mutanen gida, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya sa muna cikin 'yantattun bayinsa, ya maimaita mana. Ina nan lafiya ƙalau, aiki ma alhamdu lillahi, an ba mu hutun kwana uku kamar kowa a Turkiyya. Da na kira ɗazu hayaniyar yara ta hana ni jin Inna sosai, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta a tsanake, Auta ta karanta muku.

Sallar mutanen nan sai a hankali. A cikin masallaci ake yin idi, kuma rana na ɗan ɗagowa an tayar, wanda ya tsaya gugar kaya sai dai ya tarar ana musafaha. Maza duk cikin kwat da wando, baƙi da ruwan toka, ni kaɗai fari fat da shaddar da Yaya ya aiko min. Wani dattijo ya tare ni a bakin ƙofa, ya shafa aikin wuyan rigar, ya yi ta zuba bayani, ni kuwa ina ta murmushi ina gyaɗa kai. Yara a nan sumbatar hannun babba suke yi su ɗora a goshi, a ba su alewa da ɗan kuɗi. Tsohuwar da ke zaune ƙasan benenmu ta kira mu ni da abokin ɗakina, ɗan Sudan ɗin nan da na taɓa ba ku labari, ta zuba mana turaren lemun tsami a tafin hannu, ta miƙo cakulan da wani abin zaƙi da suke kira baklawa. Garin da ke da mutum sama da miliyan 15 yau tsit, saboda da yawa sun tafi garuruwansu na asali. Hatta babbar kasuwar nan mai rufi, wadda ta haura shekara 500 ana ciniki a cikinta, a garƙame take. Zama a ɗaki zai sa mutum tunani, sai muka ce tunda mun yi ado, bari mu taka mu ga gari.

Baba, a masallacin Sulaimaniyya muka yi idi, kuma tun ina sahu nake cewa da ma kuna nan. Sarki Sulaiman ne ya sa aka gina shi, wanda ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566, aka fara aiki a 1550 aka gama a 1557. Sarkin maginansa sunansa Sinan, mutumin da ya riƙe wannan muƙami wajen shekara 50, ya bar gine-gine sama da 300. Masallacin a kan tudu yake. Daga nesa ƙubbobinsa sun yi kamar an kife ƙore manya da ƙanana bayan wanke-wanke, babbar a tsakiya, sauran na gangarowa. Idan ka shiga ka ɗaga kai, tsayin babbar daga ƙasa mita 53 ne, tana zaune kan wasu ginshiƙai huɗu da sai mutane da yawa sun haɗa hannu za su zagaye ɗaya. Hasumiya huɗu gare shi, da barandar ladani goma a jikinsu, suna cewa wai don Sulaiman shi ne sarki na goma a gidansu na Daular Usmaniyya, na huɗu kuma tun da suka ci birnin.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai ƙananan dabaru ne. Lokacin da babu lantarki, fitilun mai ake kunnawa ɗaruruwa, kun san kuwa yadda hayaƙi ke yi wa bango. Sai Sinan ya tsara yadda iska za ta riƙa jan hayaƙin zuwa wani ɗan ɗaki da ke saman ƙofar shiga, kunkunniya ta taru a can, a kankare ta a yi tawada. Wato fitilar da aka yi sallar isha'i da ita, ita ce ke ba almajiri abin rubutu. Tsakanin fitilun kuma an rataye ƙwan jimina, wai gizo-gizo ba ya son warinsa, ba ya yin saƙa a wurin. A jikin ƙubbar an binne tulunan ƙasa bakinsu na kallon ciki, don muryar liman ta kai ko'ina ba tare da ta yi ta amsa-kuwwa ba. Bayan sallah mun zagaya baya inda kabarin sarkin yake da na matarsa, kowanne da ƙubbarsa da adonsa. Shi kuwa maginin, wanda ya rasu a 1588, nasa na can wata kusurwa a wajen katanga, ɗan ƙarami, idan ba a nuna maka ba sai ka wuce. Na tsaya na yi masa addu'a.

Daga nan muka gangara da ƙafa zuwa Ayasofiya, muka yi azahar a can. Ita tsohuwa ce ta gaske. Wani sarkin Rumawa, Jastiniyan, ya gina ta a matsayin coci, aka gama a shekarar 537, kafin a haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ƙubbarta ta farko ta rufta a 558 bayan girgizar ƙasa, aka sake ɗaga wata. Da sarkin Daular Usmaniyya Muhammadul Fatih ya ci birnin a 1453 ta koma masallaci, a 1934 gwamnati ta mai da ita gidan tarihi, sai 2020 aka dawo da sallah. Duk wannan ana ganinsa da ido. Tunda ba don sallah aka tsara ginin ba, alƙibla ta ɗan karkace daga tsakiya, sahu yana tafiya a gicciye, sai ka ga kamar shimfiɗar da bangon ba sa ga-maciji. Can sama ga wasu manyan faifai takwas, kowanne faɗinsa ya fi mita 7, an rubuta sunan Allah da na Annabi da halifofi huɗu da Hasan da Husaini da ruwan zinare. Kusa da su kuma zanen Nana Maryamu na zamanin coci, an ja masa labule. Dokin ƙofar dutsen marmara ne, amma ƙafafun mutane sun cinye shi har ya yi kwari. Kyanwa kuwa tana kwance a sahun gaba abinta, ba mai ce mata kul. Mutanen nan da kyanwa ba a shiga tsakaninsu.

Daura da ita masallacin Sultan Ahmad yake, mai hasumiya shida, wanda aka fara a 1609. Cikinsa tayil ne shuɗi sama da 20,000 daga garin Iznik. Yana da kyau, ba a magana, amma masu ɗaukar hoto sun yi yawa, kuma a ganina kwalliyarsa ta fi natsuwarsa. Ba mu daɗe ba. Gidajen ƙofte da ke bakin titin wurin, wato niƙaƙƙen nama da ake mulmulawa a gasa, layi har waje, sai muka wuce bakin ruwa wajen gadar Galata. Nan ake sayar da gasasshen kifi cikin burodi da albasa, a kora da wani jan ruwan tsami mai gishiri wanda abokina ke sha yana lumshe ido, ni ko kurɓa ɗaya na miƙa masa. Masu kamun kifi sun jeru a kan gadar ko ranar Sallah, hasumiyar Galata da mutanen birnin Janowa na Italiya suka gina a 1348 na tsaye a tsallake, tsuntsayen teku na ta ihu a kanmu.

Yunwa ta mai da mu tudun Sulaimaniyya. Sarkin nan bai gina masallaci shi kaɗai ba: ya haɗa da makarantu, da asibiti, da gidan wanka, da babban madafi inda ake ciyar da ɗalibai da matafiya da marasa hali kyauta, sannan aka jera shaguna a gindin makarantun don kuɗin hayarsu ya riƙe wurin. A cikin shagunan nan yanzu akwai gidajen abinci da suka yi suna kan abu ɗaya tak, farin wake. Kuru fasulye suke ce masa. Ana jiƙa shi ya kwana, a dafa a hankali da man shanu da tumatir har ya yi laushi bai fashe ba, romon ya yi ja ya yi kauri, a ɗora busasshen barkono guda a kai. Sai a kawo shinkafa a wani faranti daban, da burodi cike da kwando, don su ko shinkafa za su ci sai da burodi, da kindirmo tsinkakke mai gishiri. Teburan a waje suke, kana ci kana kallon katangar masallaci. Wallahi ya yi daɗi, na cinye tas har na share farantin da burodi yadda na ga suna yi. Muna ta dariya, ina cewa ashe Sallah ta yi.

Sai mai kawo abincin ya ce tunda ranar idi ce ga abin zaƙi. Inna, kabewa ce. Kabewa sak, ja, mai kyau, irin wadda kuke ƙwanƙwasawa ku ce wannan ta nuna. Sun yanka ta manya-manya, sun dafa ta cikin sukari har ta yi ƙyalli, sun kwarara mata niƙaƙƙen riɗi. Na ɗiba cokali ɗaya na ajiye. Ba wai ba ta da daɗi ba. Ƙamshin ne ya kai ni tsakar gida, na gan ku tun jiya da daddare kuna fere kabewa Gwaggo na gyaran alayyafo, tukunyar nan baƙa da ba a fito da ita sai Sallah tana kan murhu tun kafin asuba. Na san yadda abin ke tafiya: nama da ƙashi su fara nuna, a zuba kabewa ta narke a murje ta da ludayi, gyaɗa ta shiga, daddawa ta buɗe gidan da ƙamshi har maƙwabta su san an kusa, yakuwa daga ƙarshe don ɗan tsamin nan. Ga tuwon shinkafa malmala-malmala, a soya man shanu da albasa a zuba yana ƙara. Kafin mu dawo daga idi kwanuka sun jeru a ƙofar ɗaki, ana ta kiran yara, wannan na gidan Liman, wannan na gidan Kawu, kar a haɗa murafen. Ni ne dai kullum ake ba na gidan da ya fi nisa, ina tafe ina mita hannu na ƙuna. Yau da za a ba ni kwanon nan, da ƙafa zan kai shi ko ina ne. Ɗumamen gobe da safe kuwa, wanda ya fi na yau daɗi, kada ma wanda ya aiko min hotonsa. Abokina ya ga na yi shiru, ya jawo farantin gabansa bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa. Aka kawo shayi baƙi a ɗan kofin gilashi, na sha biyu kafin na dawo daidai.

To, ba kuka na zo yi muku ba. Gobe in sha Allahu za mu hau jirgin ruwa mu tsallaka ɓangaren Asiya, minti ashirin ka bar nahiya ka shiga wata, kuma can ma akwai masallatan Sinan a bakin ruwa.

A gaishe min da Kaka da kyau da kyau. A ce mata angonta na nan bai yi mata kishiya ba, duk da tsohuwar ƙasan bene na ta zawarcina da cakulan, don haka ta gyara zama. A tambaye ta ƙafar, tana shafa maganin kuwa ko ta ɓoye shi ƙarƙashin katifa? Na san ta ajiye min goron sallata a bakin zane kamar kullum, to kada ta ba kowa, bashi ne. Ina gaida Gwaggo, Allah ya ƙara sauƙin idon, kuma a hana ta zama bakin hayaƙi, ga yara nan. Yaya da iyalinsa, shadda ta yi, ta tara min jama'a. Amaryarmu da jaririn da har yau ban ɗauka ba, a shafa min kansa, a riƙa nuna masa hotona kada in dawo ya yi min ƙiwa. Baffa da Kawu da gidajensu. Malam Liman, a roƙa min addu'a. Abokin wasana na gidan Kawu, ba na gaishe shi sai ya dawo min da takalmina. Maƙwabta gaba da baya, da 'yan majalisar ƙofar gida, da duk wanda ya tambaye ni. Auta kuma, na ji sakamakon jarrabawa, na yi murna ƙwarai, mayafin da kika ce na gan shi, sai an buɗe kasuwa.

Inna, idan an samu mai tahowa cikin 'yan kasuwar da ke zuwa sarin kaya, a ƙullo min daddawa da busasshiyar yakuwa, a naɗe daddawar sosai cikin leda saboda kayan mutane. Kabewa da alayyafo da gyaɗa duk akwai a nan, manja ma ana samu a shagunan 'yan Afirka. Sai ku yi min bayani a waya yawan gyaɗar da ake sa wa tukunyar mutum biyu.

Naku,
ɗanku na Istanbul