Sanarwa kan tashar da za a riƙa kunna wa yara ranar Asabar

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Kan batun kallon ranar Asabar da muke shirya wa yara, ra'ayi ya rabu. Su yaran Nat Geo Wild suke so, saboda zakuna da kurayen dajin Serengeti, kuma suna da hujja: ko ba ka jin Turanci, hoton kaɗai ya isa bayani. Wasu iyaye sun fi son Discovery, don yara su ga yadda ake ƙera injina da gina gadoji. History kam ban goyi baya ba, cinikin tsofaffin kaya ya cinye tarihin. Kowa ya turo zaɓinsa guda ɗaya kafin Magaribar Juma'a. A rubuce don Allah, ban da saƙon murya.